Ƙofar Tsakiyar Ɗaki

Duk wadda ta taɓa kai ɗanta gidan rainon da ke ƙasan benen nan na bayan kantin magani ta san doka ɗaya: ba a sulalewa. Ki kawo yaro ba wanka, Inna mai gidan za ta yi mita ta wanke shi. Ki manta abincinsa, za ta harare ki ta ba shi nata. Amma ki ajiye yaro ki zame ba sallama, to ranar za ki gane abin da ya sa har masu shagunan layin suke shakkar bakinta.

Wata ma'aikaciyar banki ta gwada a ranarta ta farko. Ta zo da tsohuwar waya a jaka musamman don wannan aiki. Ta zaunar da ɗanta, ta kunna masa waƙa, ta damƙa masa, ta fara ja da baya a kan yatsun ƙafa, takalmi a hannu. Har ta kama mariƙin ƙofa ta ji murya a bayanta.

"'Yar nan, dawo."

"Inna, wallahi na makara. Ga shi ma ya yi shiru."

"Na ga shirun. Dawo ki durƙusa, ki dubi idonsa, ki ce masa kin tafi aiki, za ki dawo da yamma."

"Zai yi kuka fa."

"To sai me? Kunnena zai sha, ba naki ba."

Matar ta dawo tana ƙunƙuni, ta yi yadda aka ce. Yaro kuwa ya ɓare baki kamar ana yanka shi. Inna ta saɓa shi a kafaɗa, ta kai shi taga, ta kama hannunsa tana ɗagawa har uwar ta sha kwana. "Ce mata a dawo lafiya," in ji ta. Bai ce ba, amma kafin a gama raba shayi yana can yana faɗa da wani a kan murfin kwalba.

Saboda wannan ne layin ya laƙaba mata Inna A-dawo-lafiya. In an tsokane ta da sunan ba ta jin haushi. Takan ce yaron da ya ga tafiyar uwarsa kukansa gajere ne, wanda ya ɗaga kai ya ga wayam shi ne mai wuni yana gadin ƙofa, ba ci, ba wasa, ba barci.

Ba a littafi ta karanto wannan ba. Tana 'yar mitsitsiya, wata safiya aka ba ta kuɗi aka ce ta ruga ta sayo ashana. Ta ruga da murna, don ba a taɓa aiken ta ita kaɗai ba. Da ta dawo ta tarar babu akwatin uwarta, ƙusar da ake rataye mayafinta ma tana nan tsirara a bango. Aure ne ya mutu, manya kuma suka ga gara kada yarinya ta ga fitar. Ta tsaya a tsakar ɗaki da ashana a hannu, ba wanda ya ko karɓa, don dama ba a bukatarta. Daga ranar ta ƙi aike. Ta sha duka, ta sha suna, mai ƙiwuya, mai taurin kai, ba wanda ya taɓa tambayar ta dalili. Har ta girma ta yi aure, in za ta fita sai ta bi mutanen gida da ido ɗaya bayan ɗaya tukuna.

Mijinta mai gyaran keke ne, mutum mai sanyin hali da yawan tari. Sun haifi 'ya'ya, mace ɗaya ce ta rayu. Da tarin ya tafi da shi, wata maƙwabciya mai aikin shara a asibiti ta roƙe ta ta riƙe mata jaririya zuwa azahar. Daga jaririya ɗaya aka koma uku, daga uku falo ya cika. Ta fitar da kujeru, ta shimfiɗa leda, ta jera 'yan katifu a jikin bango. Kayan wasanta ba na kanti ba ne: gwangwanayen madara, murafan kwalba, kwalaye, cokulan da suka lanƙwashe, da 'yan tsana da take ɗinkawa da ragowar yadi.

Abin da ya fi komai daraja a falon shi ne ƙofa. Ƙofar tsohon kabad ce, ta sa kafinta ya yi mata katako ta gefe da ƙafafu masu faɗi, ta tsayar da ita a tsakiyar ɗaki, ba bango dama, ba bango hagu. Kafintan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tunda yake bai taɓa yin ƙofar da ake iya zagayawa ba. A bayanta Inna ta ɗaura igiya ta rataye labule.

Wasan ba shi da wuya. Yaro zai ɗauki jaka ko kwali, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Na tafi." Sauran su amsa, "A dawo lafiya." Ya fita ya rufe, ya ɓuya bayan labule gwargwadon haƙurinsa, sannan ya ƙwanƙwasa ya yi sallama, a tarbe shi da ihu, "Sannu da zuwa!" Shi ke nan. Amma yara ba sa gajiya da shi. Wani ya ce ya tafi duniyar wata sayen burodi. Wata ta riƙe ƙugu ta ce, "In na dawo na tarar ba ku yi wanke-wanke ba, za ku gane kurenku," a muryar uwarta sak. Wani kuma kullum sai ya buga ƙofar da ƙarfi in zai fita, ba ya sallama, sai Inna ta san abin da ke faruwa a gidansu ba tare da ta tambayi kowa ba, ta ƙara masa lokaci a cinyarta. A wannan ƙofa masu kukan safe suke gane cewa tafiya tana da dawowa, masu tsoro su gwada zama su ne masu tafiyar.

Da wayoyi suka cika gari, mutane sun zaci Inna za ta yi musu yaƙi. Ba ta yi ba. Ita ma tana da tata, 'yarta ta koya mata. Bayan barcin rana takan tara yaran a jikinta su kalli katun ɗaya, ɗaya tak, tana tsayarwa tana tambaya: "Me ya sa ya ɓata fuska? Ku wa ya taɓa jin haka?" In ya ƙare waya ta hau saman kabad, su kuma su tashi su kwaikwayi abin da suka gani. Abin da ba ta yarda da shi ba guda ne. "Waya ba ta da laifi," takan ce wa iyaye. "Amma kada ki mayar da ita marfin da za ki rufe idon yaro da shi ki gudu."

'Yarta a kantin maganin nan na gaba take aiki. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida, shi ya sa ita da 'yarsu suka fi zama a ɗakin ciki wajen Inna. Yarinyar ba ta isa makaranta ba, amma bakinta ya isa jami'a. Tun da ta fara magana ba ta tsaya ba, har aka manta sunanta na yanka, kowa sai Aku. Ita ta naɗa kanta mai gadin ƙofar wasa. In yaro ya fita bai yi sallama ba sai ta jawo shi ta riga: "Dawo! Ba ka ce ka tafi ba." In babanta ya kira ta bidiyo daga hanya, sai ta sa shi ya nuna mata tayoyin motar duka kafin ta yarda ta gaishe shi. Inna kan ce mata, "Ƙawata, ki ara wa bakin nan hutu mana." Ita kuma ta ce, "Ke ma ai ba kya hutawa."

Uwar Aku tana da ciki na biyu, ya tsufa. Wata safiya, kafin a fara kawo yara, jini ya ɓalle mata a banɗaki. Inna ta ƙwala wa mai kitson da ke ɗakin gaba kira, aka samo mota, maza biyu suka shigo ɗaukar mai cikin. Zaninta ya jiƙe, fuskarta ta yi fari fat. A daidai lokacin Aku ta farka a ɗakin ciki tana kiran Mama.

'Yar ta damƙi hannun uwarta. "Inna, don Allah kada ta gan ni haka."

Inna ba ta yi tunani ba, ko kuma ta yi, tsoro ya fi ƙarfin tunanin. Ta fizgi wayar 'yarta daga kan gado, ta shiga ɗakin ciki, ta zaunar da Aku tana fuskantar bango, ta danna katun ɗin da ya fara zuwa hannu, na wani ɗan agwagwa da ya ɓatar da jan takalminsa. "Riƙe, ƙawata. Kalli wannan. Kafin ya ƙare Mama ta dawo." Ta ja ƙofa a hankali. Aka fitar da 'yarta ta falo, ta gefen ƙofar wasa, ita ma ta bi su a kan yatsun ƙafa, ta bar mai kitso da yarinya.

Da la'asar ta dawo ita kaɗai. Ba 'yar, ba jaririn. Aku na zaune inda aka bar ta, an jona mata wayar a caji. Ta ɗaga kai ta dubi kakarta, ta leƙa bayanta, ta mayar da kai.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Duk wanda yarinyar ta tsaya kusa da shi sai ya shafa kanta ya ce Mama ta yi tafiya, sannan ya miƙa mata wayar don kada ta yi ƙiriniya cikin mutane. Ba ta yi ba kuwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi kowa komai ba. Mata suna ta yabo: "Kai, yarinyar nan akwai haƙuri, kamar babba." Wace irin babba? Yarinyar da ke hana mutane jin labarai a rediyo ta wayi gari ba ta cewa uffan, a ce haƙuri ne? Amma Inna a kwanakin nan ba ta cikin hayyacinta. Tana gani, ba ta lura. Ta binne miji, ta binne jarirai, ba ta taɓa sanin akwai ciwon da ya kai na binne 'yar da ta girma har ta zama abokiyar shawara ba.

Sai da ta sake buɗe gidan raino, yara suka dawo da hayaniyarsu, sannan idonta ya buɗe. Aku tana kusurwa da waya. Ba ta taɓa gwangwani, ba ta taɓa 'yar tsana, ƙofar wasa kuwa ko kallo ba ta ishe ta ba. Kuma ba katun iri-iri take kallo ba, ɗan agwagwan nan ne kaɗai. Inna tana ba wani jariri madara ta ji kiɗan ƙarshe ya tashi. Ta ga Aku ta ɗaga kai, ta zuba wa ƙofar shigowa ido, ta ɗan jira, sannan ta sa yatsa ta mayar da shi farko. Ya sake ƙarewa, ta sake ɗaga kai. A karo na uku maganar da Inna ta faɗa da bakinta ta dawo mata, sai da ta ajiye jaririn.

Baban Aku da ya dawo daga hanya ya ga halin da 'yarsa ke ciki, ransa ya ɓaci. Ya ce wayar nan ce ta lalata ta, ya fizge. Aku ba ta yi ihu ba. Ta kafe, ta ɗauke numfashi har leɓenta ya canza launi, da ya matso ta gantsara masa cizo a hannu. Ya mayar mata da sauri, ya koma bakin ƙofa ya tsuguna ya rufe fuska.

"Ba wayar ba ce, Baban Aku," in ji Inna. "Abin da na ɗora mata a kai ne." Ta gaya masa. Bai ɗora mata laifi ba, don ba a yi wa suruka faɗa, kuma shi ma ya san da yana nan abin da zai yi ke nan.

Bayan kwana biyu ya zo ya zauna nesa da ita, kansa a ƙasa, ya ce sun yi shawara da yayarsa. Ƙarshen wata za ta zo ta tafi da Aku can garinsu, ta haɗa da nata 'ya'yan. Shi ba mazauni ba ne, Inna kuma ga hawan jini, ga 'ya'yan mutane. Inna ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. 'Yarsa ce, ba ta da ta cewa. Amma ba rabuwar ce ta fi tsaya mata a rai ba. In aka tafi da yarinyar nan a haka, za ta je wani gida ta zauna a wata kusurwa tana jiran wata ƙofa, a yi ta yabon haƙurinta, ta girma tana bin mutane da ido kafin ta fita. Inna ta san wannan rayuwar ciki da waje, ba ta yi wa jikarta fatan ta.

Ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta zauna kusa da Aku ta gina bene da gwangwanaye ta rushe. Ta sa 'yan tsana faɗa da muryoyi masu ban dariya. Ta yi kamar ta manta yadda ake wasan ƙofa, ta fita ba sallama ko mai gadi za ta jawo ta. Aku ba ta ɗaga kai ba sai in kiɗan ƙarshe ya tashi.

Mai kitso ta ce, "Inna, ki bari ta yi barci ki goge agwagwan nan kawai. Ta tashi ta tarar babu, kwana biyu ta manta."

"Wannan ma ai sulalewa ce," in ji Inna. "Ta ɗaga kai ta ga babu uwa, yanzu kuma ta buɗe ido ta ga babu agwagwa?"

Abin da dabara ta kasa, ɗan ma'aikaciyar bankin nan ne ya yi shi ba da niyya ba. Yanzu ya zama gwanin wasan ƙofa. Wata rana ya rataya jaka ya ce ya tafi ofis, aka ce a dawo lafiya, ya shige bayan labule. Can ya tarar da jerin tururuwa suna jan ɓurɓushin biskit, ya manta da kowa. Yara suka yi jira suka gaji, suka watse. Falo ya ci gaba da harkarsa. Sai ga Aku ta miƙe, katun yana tsakiya, ta yar da waya a katifa. Ta ruga ta fizgi labulen har igiyar ta tsinke, ta shaƙe wuyan rigar yaron ta jawo shi ta cikin ƙofa tana dukan sa.

"Ka ce za ka dawo! Ka ce za ka dawo!"

Muryar ta dishe don rashin amfani, amma tata ce. Inna ta raba su, ta rarrashi yaron, ba ta yi wa Aku faɗa ba. Ta ɗaura igiya ta mayar da labule.

Da yamma, bayan an zo an kwashe yara, ta zauna a katifar kusurwa. "Ƙawata, matso mu kalla tare." Rabon da ta kalli wani abu tare da yarinyar tun kafin rasuwar. Suka kalli ɗan agwagwa ya duba ƙarƙashin gada, ya tambayi kwaɗo, ya tambayi kifi, a ƙarshe ya samu takalminsa. Kiɗa ya tashi. Aku ta ɗaga kai ta dubi ƙofa. Da ta kai yatsa za ta mayar, Inna ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin a hankali.

"Ya ƙare," in ji ta.

"Ban kalla daidai ba," Aku ta ce ƙasa-ƙasa. "Na ƙifta ido."

Inna ta ji kamar an soka mata wuƙa. Ashe duk makonnin nan yarinyar laifin kanta take gani.

"Kin kalla daidai. Tun ranar farko kin kalla daidai. Ni ce na faɗa miki abin da ba haka ba. Mama ba tafiya ta yi irin ta Baba ba. Ciwo ne mai tsanani ya kama ta, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, ta rasu. Wanda ya rasu ba ya dawowa, ko sau nawa aka kalla. Ba ke kika jawo ba, ba kuma idonki ba ne."

"Ita da jaririn?"

"Ita da jaririn."

Aku ta sauka, ta je kwandon 'yan tsana ta tono wata doguwa mai ɗankwali shuɗi, wadda aka ɗinka da ragowar yadin uwarta, wadda kullum ita ce Mama a wasanninta. Ta kawo ta bakin ƙofar tsakiyar ɗaki ta tsayar.

"Ba ta ce ta tafi ba."

"Ba ta ce ba. Ciwo ya fi ƙarfinta, ni kuma na juya ki kina kallon bango."

"To ta ce yanzu."

Inna ta rarrafa ta kama 'yar tsanar. Ta yi muryar kura a falon nan, ta yi ta jirgi, ta yi ta ɗan sanda, amma ba ta taɓa zaton za a ce ta yi muryar 'yarta ba. Ta daure ta ce, "Aku, na tafi."

Aku ta ja numfashi za ta ba da amsar da ta saba, sai ta tsaya. Ta dubi kakarta. "Me ake cewa?"

Shekara da shekaru Inna tana koya wa 'ya'yan mutane wannan wasa, kuma duk wanda ya fita ta ƙofar nan yana dawowa. Ba ta taɓa tanadar amsa ga wanda ba zai ƙwanƙwasa ba.

"Ki ce, Allah ya ji ƙan Mama."

Ta faɗa. Inna ta fitar da 'yar tsanar, ta kwantar da ita bayan labule, ta dawo ta zagaye, ta rufe ƙofa. Suka zauna su biyu suna kallon katako. Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Sai leɓen Aku ya fara rawa, sannan kukan ya zo, irin wanda ake ji har titi. Mai kitso ta shigo a guje da tsinken kitso a hannu, Inna ta ɗaga mata hannu ta koma. Ta rungume jikarta, ita ma ta saki nata da ta daɗe tana haɗiyewa.

Kada a zaci daga nan komai ya gyaru. Aku ta koma fitsarin kwance. Ta jefi Inna da gwangwani ta ce mata maƙaryaciya, Inna ta ce, "Na yi, kuma ba zan ƙara ba." Tambaya ɗaya takan yi ta sau goma a wuni, ko Mama tana jin yunwa, ko an ba ta bargo. Ta buɗe asibiti a cikin kwali, duk 'yan tsana suka kwanta ciwo, wasu su warke, wasu ta kai su bayan labule da kanta. Bakin ya dawo, ko da yake ba kamar da ba. Wayar uwarta ta hau saman kabad kusa da ta Inna. Bayan barcin rana sukan sauko da ita su kalli ɗan bidiyon da Mama ke yi mata waƙar wanka, su yi dariya ko kuka, su mayar. Ɗan agwagwa yana nan ba a goge shi ba, ba ta dai sake neman sa ba.

Ƙarshen wata goggonta ta zo. Aka haɗa kaya a jaka biyu, Inna ta cusa 'yar tsana mai shuɗin ɗankwali a sama. Mota na jira a bakin layi. Baban Aku ya matso da waya a hannu ya rage murya.

"Inna, ko in kunna mata wani abu, ki shige ciki kafin ta lura? Don kada abin ya yi muku nauyi ku duka."

Allah ya sani ta so ta ce to. Ba ta san yadda za ta kalli fuskar nan tana nisa ba. A lokacin ta yafe wa ma'aikaciyar banki, ta yafe wa waɗanda suka aike ta sayen ashana. Amma ta ce, "Mayar da ita aljihu."

Ta durƙusa da ƙyar, ta dubi idon yarinyar. "Ƙawata, za ki tafi gidan Goggo ki zauna can. Ni ina nan."

Aku ta ƙura mata ido. "Irin tafiyar Baba ce, ko irin ta Mama?"

Alkawari ya zo har bakin Inna, ta mayar da shi. "Ina roƙon Allah ta zama irin ta Baba. Baba ya ce zai kawo ki in an yi hutu. Iyakar abin da na sani ke nan."

Aka ɗauki Aku tana kuka, tana miƙo hannu ta tagar mota. Inna ta tsaya a bakin titi tana ɗaga nata har motar ta sha kwana, har kukan ya daina isowa. Mai kitso ta ce, "Kai Inna, kin sa yarinya kuka a banza." Inna ta koma ciki, don akwai jaririn da ya tashi yana neman madara.

Washegari bayan barcin rana wayarta ta yi ƙara a saman kabad. Kiran bidiyo ne. Da ta amsa ba ta ga fuska ba, sai ɗan yatsa yana ƙwanƙwasa gilashi.

"Salamu alaikum! Inna, ki ce sannu da zuwa."

"Sannu da zuwa, ƙawata."

"Ba dawowa na yi ba fa. Leƙowa na yi."

Ta nuna mata gadonta, da kyanwar gidan, da inda ta kwantar da 'yar tsana. Ta ce gidan Goggo duk ƙofofinsu a jikin bango suke. Can Inna ta ji muryar goggon tana cewa to ya isa haka, caji zai ƙare, hoton ya fara karkata.

"Kada ki kashe!" Aku ta ƙwala ihu. "Ba mu yi sallama ba!"

Hoton ya daidaita. Yarinyar ta gyara tsayuwa.

"Inna, na tafi."

"A dawo lafiya," in ji Inna.

Gilashin ya yi baƙi, ba kowa a ciki sai fuskar wata tsohuwa. Ta daɗe tana riƙe da wayar kafin ta miƙe ta mayar da ita saman kabad.